Giɓin Kofin Lala Sajawal

"Lala, wannan shayi ne, ko ruwan kogin Chenab ka ɗumama mana?"

"Madara na ciki, Shah ji, harshenka ne ya tsufa. Sha ka tashi, agogunan mutane na can a tsaye suna jiranka."

Da wannan cacar baki ake buɗe gari a tashar motar Kot Dilawar, yau shekara kusan arba'in. Mai tsokanar shi ne Karamat Shah, ɗan Shi'a, mai gyaran agogo, wanda shagonsa bai fi akurkin kaza ba. Mai ramawar kuwa Lala Sajawal ne, mai shayin tasha, maƙwabcina. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, siririya, ko tari ya yi ina ji. Don haka abin da zan faɗa a kansa, rabi a bencinsa na gani, rabi katanga ce ta kawo min.

Ban taɓa ganin Lala Sajawal a zaune ba. Siririn mutum ne, gemunsa ja da lalle, tawul a kafaɗa, hannayensa kullum a jiƙe. In ba ya fifita murhu, yana ɗauraye kofuna a daro. In ba ya ɗauraya, to yana bin mota da gudu. Fasinja kan karɓi shayi ta taga, direba ya ja mota kofi na hannunsu, sai ka ji muryar Lala ta tsaga tasha: "Oye! Kofina! Dawo min da kofina!" Kowa ya haddace ta. Har akun mai sayar da lemo ya iya.

Bayan murhunsa akwai tsohuwar darbejiya. A jikinta ƙusoshi biyu, kowace da kofi a rataye, kowane kofi da giɓi a baki. A garinmu wannan ba ya buƙatar bayani. Kofi mai giɓi na wanda ba a haɗa baki da shi ne.

Ƙusar farko gado ce. Mahaifin Lala ya tsallako iyaka shekarar da aka raba ƙasa, da butar shayi ɗaya a ka, ya kafa murhu a nan, ya kafa ƙusa. Lala ya gaji buta, ya gaji benci, ya gaji ƙusa, bai tambayi ko ɗaya dalili ba. Kofin na Inayat Masih ne, Kirista, mai share tasha da yashe kwatoci, aikin da shi ma a wajen ubansa ya gada tare da kofin. Ƙarfe bakwai zai jingine tsintsiya, ya sauke kofinsa da kansa, ya tsuguna ya miƙa shi ƙasa-ƙasa, Lala ya tsiyaya daga sama don kada bakin buta ya taɓa. In ya gama, ya wanke a famfo ya mayar.

"Inayat, tashar nan ka share ta kuwa, ko ita ta share ka?"

"Lala, ranar da fasinjanka suka daina tofar da miyau, ni ma zan huta in zama mai shayi, in riƙa sayar wa mutane ruwan zafi."

Sukarin Inayat ya fi na kowa yawa. Da a lokacin ka ce wa Lala akwai ƙiyayya a ƙusar nan, da kallon mahaukaci zai yi maka.

Ƙusa ta biyu shi ya kafa ta da hannunsa, yana ɗan shekara ashirin. Shekarar ce rediyo ta sanar cewa doka ta fitar da 'yan Ahmadiyya daga sahun Musulmi. Washegari Masta Munawwar, ɗan Ahmadiyya, malamin firamaren da ya koya wa rabin garin nan alif da ba, har da shi Lala, ya zo ya zauna inda ya saba. Wani mai shagon hatsi ya dire kofinsa ya ce, "Sajawal, ko shi ko mu." Lala ya dubi mutum goma sha biyu, ya dubi tsoho ɗaya. Ya ɗauki lafiyayyen kofi, ya ƙwanƙwasa bakinsa da bayan cokali. Ƙwas.

Masta ya karɓa, ya jujjuya shi, ya ce, "Ka fitar da shi tsaf, Sajawal. Da haka hannunka ya iya rubutu, da ban sha wahalarka ba." Shekara goma sha ɗaya yana shan shayi a kofin nan, bai sake tada maganar ba. Ran nan aka wayi gari gidansa garƙame da kwaɗo. Kofin ya zauna a ƙusarsa har gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Lala bai sauke shi ba, ba ya kuma kallon wajen.

Ɗansa ɗaya ne, Zahur. Kafin shi, matarsa Sughran ta binne jarirai uku. Da cikin Zahur ya tsufa sai ta yi bakance: in wannan ya rayu, duk ranar goma ga Muharram za su shayar da masu jerin gwanon Ashura madara mai sanyi, har ƙarshen ransu. Su ba 'yan Shi'a ba ne, amma a lokacin ba wanda ya ga abin mamaki. Jikan Annabi na kowa ne, ƙishirwa ma ta kowa ce. Yaro ya rayu. Kowace shekara Lala kan kashe murhu ranar, ya kafa ganguna biyu a bakin titi, madara da ƙanƙara da ruwan wardi, ya yi ta miƙa wa mutane masu baƙaƙen kaya. Sabil muke kiranta. Karamat Shah ne ke kawo ƙanƙarar a bayan kekensa.

Garin nan a kunnena ya fara canjawa kafin idona ya gani. Da can lasifika ɗaya ce, ta babban masallaci, da ladaninmu mai tari. Sai yaƙi ya ɓarke a bayan duwatsu, manyan motoci suka riƙa wucewa cike da samari suna kabbara. Waɗanda suka je ci-rani ƙasashen Larabawa suka dawo da rediyo mai kaset da ɗangalallun wanduna, kowa ya gano cewa sallar ubansa ba daidai take ba. Lasifika ta zama uku, ta zama tara. Ranar Juma'a sai ka ji suna sara da juna a sama kamar zakarun gida biyu. Aka fara rubutu da farar ƙasa a katangu: wane kafiri, wane ma kafiri. Makarantar Masta Munawwar rufinta ya rufta, mai gonakin yankin ya ɗaure ɓaunayensa a aji uku.

Duk da haka Lala ya tura Zahur har Multan ya yi digiri. "Ɗana ba zai wanke kofin kowa ba," in ji shi. Shekara uku yaron yana yawo da takardunsa a jakar leda, daga wannan ofis zuwa wancan. Ranar da ya daina, katanga ta gaya min. An kira shi gwajin aikin koyarwa, ya shiga da gogaggiyar riga. Ɗan mai gonakin nan yana cikin masu tantancewa. Ya ɗago ya ce, "Af, ɗan mai shayin tasha ne. To tunda ka zo, kawo mana uku, ɗaya ba sukari." Ɗaki ya fashe da dariya. Zahur ya dawo gida, kwana biyu bai taɓa abinci ba.

Bayan wata guda ya fara zuwa sabuwar makarantar da aka gina a bayan magudanar ruwa, mai doguwar katanga da koriyar ƙofa. Ya natsu. Ya bar taba, ya riƙa tada ubansa sallar asuba. Sughran har alewa ta raba a unguwa.

"Abba ji," ya ce wata rana, "ka san da na shiga wurin, babban mutum ya miƙe tsaye ya ba ni hannu biyu? Zahur sahib, ya ce min. Ni fa."

Lala ya yi murna. Wa zai ƙi?

Sai abubuwa suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Hoton hubbaren waliyyi ya sauka daga bango. Ziyarar Alhamis ta uwarsa ta tsaya. Agogon da Karamat Shah ya ɗaura masa ranar da ya ci jarrabawa, ya kwance shi ya ajiye a kan benci. In Shah ji ya yi masa sallama, sai ya dubi takalminsa.

Muharram ɗin shekara biyu da suka wuce ya tarar da garin zaune a kan ƙaya. 'Yan sanda a kowace kwana, an gitta kwantena a bakin kasuwa, waya tana ɗaukewa tana dawowa. An ce an kama wani da abu a buhu a garin gaba, an ce ƙarya ne, an ce ai su biyu ne. Ranar uku ga wata, bayan la'asar, na ji an dire faranti da ƙarfi a gidan Lala.

"Bana ba sabil, Abba ji."

"In ji wa?"

"In ji ni. Kuma mutumin nan mai agogo, a ware masa kofi."

"Chacha Karamat, baffanka, shi ne yau ya koma mutumin nan? Shi ya saɓa ka a kafaɗa ranar kaciyarka, kana ihu kamar ɗan akuya."

"Lokacin ban san abin da na sani yanzu ba."

Sughran ta sa baki. "Puttar, ɗana, madarar nan kanka aka fansa da ita. Bakance ne. So kake in karya alkawarin da na yi wa Allah?"

"Bakancen ɓata ba a cika shi, Ammi."

"Kai!" Lala ya daka tsawa. "Wa ya koya maka tsince mutane kamar tsakuwa a shinkafa? Malamin nan naku na bayan magudana?"

Sai Zahur ya yi magana a hankali, irin hankalin da ya fi ihu ban tsoro.

"Kai ka koya min, Abba ji."

"Ni?"

"Ina shekara shida. Na dawo daga makaranta da ƙishirwa, na taka dutse na sauko da kofin Inayat, na sha ruwa. Ka mare ni har na ga wuta. Ka ja ni famfo ka goge min baki da toka sau bakwai, ka sa na yi kalmar shahada, duk tasha na kallo. Ka manta? Ni ban manta ba. Har yau in na ga toka bakina ɗaci yake. A can ba su koya min sabon abu ba. Sun dai nuna min cewa ƙusoshinka sun yi kaɗan."



"Ranar tara ga wata zan bi motar azahar," Zahur ya ƙarasa. "An ba ni gurbi a babbar cibiyarmu. In na ga ƙusa ta uku a bishiyar nan, aka kuma bar gangunan a ɗaki, na fasa, in zauna in riƙe muku gida. In ban gani ba, kada ku neme ni."

Kowa a Kot Dilawar ya san cibiyar. Samari uku sun tafi can daga garin nan. Ɗaya ya dawo, ba ya magana da kowa. Biyu kuwa sai hotonsu aka gani a fosta, da furanni kewaye da fuskokinsu.

Washegari Lala ya miƙa hannu zai ɗauki kofinsa na gida, farin nan mai zanen fure da Sughran ta zo da shi cikin kayan aurenta. Ba ya kan kanta. Zahur ya rataye shi a bakin ƙofa, a ƙusa sabuwa fil, da giɓi a baki.

Kwanakin da suka biyo baya ban ga Lala ya gama abu ɗaya ba. Madara ta ƙone sau biyu. Ya zuba wa wani direba gishiri a maimakon sukari. Mota ta tafi da kofi bai bi ta ba. Ya je shagon kayan gini ya sayo ƙusa guda ɗaya, doguwa, ya sa a aljihu. In ya ɗauraye kofi sai ya shafa aljihu, ya je gindin darbejiya, ya dawo, ya fifita murhun da ke ci bal-bal.

Ranar biyar ga wata ya wanke hannu, ya sa hula, ya tafi koriyar ƙofa. Da ya dawo ya ba ni labari yana tsaye, yana goge bencin da ya riga ya goge. Ya ce ya je da shirin faɗa, sai ya tarar da mutum mai taushin murya wanda ya miƙe masa, ya shimfiɗa masa darduma, ya kira shi sahib. Ya roƙi a sakar masa ɗa. Malamin ya yi murmushi ya ce, "Ba mu ɗaure shi ba, Sajawal sahib. Zinariya ce garinku ya jefar a kwata, mu muka tsinta muka wanke. Ranar da aka yi masa dariya a ofis, wa ya tsaya masa?"

"Me ka ce masa?" na tambaya.

"Me zan ce? Na gode masa na fito." Ya jefa tawul a kafaɗa. "Mutumin bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba, amma na fito kamar an yi min sata."

Ya gwada wata hanya. Ranar shida da sassafe, kafin benci ya cika, ya sauke kofin Inayat zai jefa shi cikin daro tare da sauran. Inayat ya yar da tsintsiya, ya sha gabansa, hannu biyu a haɗe.

"Lala, don girman Allah. Me na yi maka?"

"Gyara zan yi. Shekara nawa ina..."

"Gyara? A watan nan? Gobe wani ya ce Inayat ya sa baki a kofin Musulmi da gangan, jibi a ce ya faɗi wata magana, gata lasifika ta kira sunana. Gida goma sha huɗu ne a layinmu, duk rufin kara. Kai za ka tashi da nadama, mu mu tashi da toka. Mayar min da kofina inda yake. Giɓin nan shi ne katangata."

Lala ya mayar.

A gida ma ba sauƙi. Ranar bakwai da rana tsaka na ji Sughran tana murza gurasar roti tana magana, sandar murzawa tana tsayawa tana ci gaba.

"Abban Zahur, kafa ƙusar nan. Zan yi azumin kaffara ko nawa ne."

"To."

"A'a, kar ka kafa. Alkawarin Allah ne. In na karya, Wanda ya ba ni shi ya karɓe abinsa fa?"

"To."

"To, to, to! Ba ka da wata kalma sai to?"

Ƙofa ta buɗe ta rufe. Ya koma tasha bai ci ba.

Karamat Shah, mutumin da ke gane ciwon agogo da kunne, bai buƙaci a gaya masa ba. Ranar takwas ya zauna, ya kurɓa, bai yi tsokana ba.

"Me ke cikin aljihunka, Lala? Tun shekaranjiya kake shafa shi kamar mai ƙaiƙayi."

"Ba ruwanka."

"Kafa ta."

"Me?"

"Ƙusar. Kafa ta, ɗan'uwa. Ɗa ya fi kofi. Ni da na sha ruwa a tafin hannu, giɓi ne zai rage ni? Kawo cokalin in fasa da kaina, kai hannunka rawa yake. Madarar kuma a kai husainiyya, ɗakin taronmu, ta ƙofar baya, ba sai an gani ba. Allah yana gani."

"Masta ma haka ya yi min sauƙi," in ji Lala. "Ya karɓa yana murmushi. Ina yake yanzu?"

"Masta ba ɗanka ba ne."

"Yau kai. Gobe limaminmu, don yana maulidi. Jibi uwar Zahur. Ni an riga an rataye ni a bakin ƙofata. Shah ji, bishiyar nan babba ce, wurin ƙusa ba ya ƙarewa."

"To ya za ka yi?"

"Sha shayinka, ya huce."

Ranar tara na fito daga sallar asuba, na jiyo wani sauti daga wajen tasha. Ƙwas. Shiru. Ƙwas. Na tarar da Lala tsaye, cokali a hannu, kofunansa duka jere a kan benci, yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama, ya je gindin darbejiya ya sauke na Masta, ya wanke saƙar gizon, ya sa a daro. Ya zaro nasa na gida daga cikin tawul, ya sa a daro. Ya kwashe sauran ya zuba a kai. Na Inayat kaɗai ya bari a ƙusarsa, kamar yadda mai shi ya roƙa.

"Lala, lafiya?"

"Ɗaga ƙafarka, akwai ɓarɓashi."

Da benci ya cika, tasha ta kaure.

"Wannan wane irin wulaƙanci ne?" in ji wani mai gona da ake kira Chaudri. "Ni za ka ba kofi mai giɓi?"

"Shi ke akwai, Chaudri sahib."

"Canja min!"

"Zaɓi da kanka." Ya tura masa daron.

Wani direba ya kwashe da dariya har yana dukan cinya. "Wallahi Lala ya mai da mu duka 'yan shara! Zuba min, ni dai da ma matata haka take kirana."

"An hana sha ta wajen giɓi," in ji wani mai zuwa koriyar ƙofa.

"To juya shi, malam. Ɗaya gefen lafiyarsa ƙalau."

Wasu suka sha suna dariya. Wasu suka tofar da miyau suka tsallaka titi. Mai shagon hatsi, ɗan wancan na zamanin Masta, ya rantse ba zai sake taka wurin ba, kuma bai sake ba. Inayat yana can nesa rungume da tsintsiya. Ya dubi kofinsa a bishiya, ya dubi wanda ke hannun direba, ya juya baya don kada a ga fuskarsa.

Ana kiran azahar Zahur ya iso, jaka a kafaɗa. Uwarsa ta biyo shi da ƙullin roti har bakin titi, inda mata ke tsayawa. Motar Jhang tana nishi, kwandasta yana dukan jikinta. Zahur ya dubi darbejiya: ƙusa ɗaya da kofi, ɗaya ba komai, ta uku babu. Ya dubi gangunan madara biyu da aka riga aka wanke aka kife a rana. Sannan ya dubi daro.

Lala ya tsamo kofi bai duba ba, ya cika, ya sa sukari cokali biyu da rabi kamar yadda ɗansa ke so tun yana ƙarami, ya miƙa da hannu biyu.

"Na wa ne wannan?"

"Ban sani ba, puttar. Ko na Masta, ko wanda Shah ji ya sha da safe, ko na Chaudri. Na daina ganewa."

"Wasa kake da addini, Abba ji."

"A'a. Da can ne nake wasa da shi, da bayan cokali." Ya goge hannu a tawul. "Marin nan, da tokar. Ƙishirwa kawai ka ji, ba ka yi laifin komai ba. Ni na yi. Ka yafe min. Amma ba zan gyara shi da wata ƙusar ba."

Zahur ya karɓa. Na rantse ya karɓa, ko da yake ban sani ba ko don kada ya zube wa uban a ƙafa ne. Ya tsaya yana kallon tururi. Babban yatsansa ya juya kofin a hankali, giɓin ya koma ɗaya gefen. Can bakin titi Sughran ta toshe baki da mayafi.

"Jhang! Jhang! Saura mutum ɗaya!" Direba ya danna hon, mota ta fara gangarawa.

Bai sha ba. Bai kuma ajiye ba. Ya juya ya bi motar da gudu, shayi yana zuba a farin wandonsa, ya kama ƙarfen ƙofa ya haye, kofin na hannunsa.

Lala ya yi taku uku, ya tsaya, ya sake bi. Sai muryar nan da ta shekara arba'in tana tsaga tasha ta fito, amma a karye, kamar ba tasa ba.

"Oye! Kofina! Dawo min da kofina!"

Ba wanda ya yi dariya. Ko akun bai maimaita ba.

Washegari aka yi sabil. 'Yan sanda biyu suka tsaya a gefen ganguna, Karamat Shah ya kawo ƙanƙara, Sughran ta aiko da ruwan wardi, mutane masu baƙaƙen kaya suka sha madara a kofuna masu giɓi suka wuce. Cikin satin wani ya rubuta kalma da farar ƙasa a katangar Lala. Inayat ya goge ta da sassafe, ba wanda ya sa shi.

Shekara biyu ke nan. Rabin benci ya koma wajen sabon mai shayi a ƙetaren titi, mai kofunan roba da ake sha a yar. Sau ɗaya waya ta shigo wa Sughran daga lambar da ba ta sani ba. Numfashi kawai ta ji aka kashe, ta ce numfashinsa ne. Hotonsa bai fito a fosta ba. Duk sabuwar da aka manna sai Lala ya je ya duba, ya dawo ya fifita murhu. Ƙusar tana aljihunsa har yau, ta huda riguna biyu. In motar Jhang ta shigo, yakan saki ko mene ne ke hannunsa, ya je ya tsaya a bakin ƙofarta, yana duba hannun masu saukowa kafin fuskarsu. Da yamma kuma, in ya kife kofuna a kan katako, yakan bar gurbin guda ɗaya a tsakiyar layi.

Jiya Karamat Shah ya nuna gurbin da haɓa. "Lala, ka sayi sabo ka cike nan mana. Layin kamar bakin tsohuwa."

"Ba ɓata ya yi ba, Shah ji. Aronsa aka yi."

Ya ɗaga buta zai tsiyaya, sai ya tsaya, ya karkata kunne. Can wajen gada wata mota tana hon.